Ajiye Doki a Karkarar Ingila ga Mai Aiki a Landan: Tambayoyi da Amsoshi

A cikin Hausawan da ke aiki a Landan akwai waɗanda suka tashi a gidajen da barga ba ta rabo da doki, kuma da zarar ƙafarsu ta tsaya a wurin aiki sai sha'awar hawa ta dawo musu. Wasu kuma 'ya'yansu ne suka fara koyon hawa a makarantun dawaki na gefen birni, har maganar ta kai ga tunanin barin cunkoso a koma ƙauye. An tsara amsoshin da ke ƙasa ne domin irin waɗannan mutane. Dokokin da aka ambata na Ingila ne, domin Scotland da Wales suna da nasu tsarin a wasu wurare.

Shin da gaske mutum zai iya yin aiki a Landan, dokinsa kuma yana bayan gidansa?

Zai iya, kuma mutane da yawa suna yi. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne zoben filaye da aka kewaye birnin da shi aka taƙaita gine-gine a cikinsa, tsarin da ya samo asali daga wata doka ta 1938 da kuma dokar tsara birane ta 1947. Saboda haka mutum yana iya barin tsakiyar Landan a jirgin ƙasa, kafin minti 40 ya ga gonaki da shingaye da dawaki suna kiwo. Daga Sevenoaks a Kent zuwa tashar London Bridge tafiyar wajen rabin awa ce a jirgi mai sauri. Daga Guildford a Surrey zuwa Waterloo kimanin minti 40 ne, haka ma daga Berkhamsted ko Tring a Hertfordshire zuwa Euston, ko daga Chelmsford a Essex zuwa Liverpool Street.

Sai dai gidan da ke da fili ba ya kasancewa a bakin tasha. Yana can cikin ƙauye, a kan siririn titin da mota biyu ba sa iya wuce juna sai ɗaya ta raɓe. Idan aka haɗa tuƙi zuwa tasha, da neman wurin ajiye mota, da jirgin, da kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa daga babbar tasha zuwa ofis, tafiyar da dillali ya kira ta minti 40 tana komawa awa ɗaya da rabi a kowace fuska. Wannan lissafin na ƙofa zuwa ƙofa shi ne ya kamata a yi aiki da shi. Tikitin jirgi na shekara kuma dubban fam ne, kuma yana cikin kuɗin ajiye dokin ko da ba a rubuta shi a cikin lissafin dokin ba.

Wane yanki ya fi dacewa?

Masu neman gida sukan fara da kallon nisan tasha da ingancin makaranta, amma mai doki ya kamata ya fara da duba ƙasar da ke ƙarƙashin ciyawar. Kudu da Landan, a yankin da ake kira Weald wanda ya ratsa Surrey da Kent da Sussex, akwai faɗin ƙasa ta yumɓu mai riƙe ruwa, kuma haka lamarin yake a wurare da yawa na Essex. A watan Yuni irin wannan fili yana da kyan gani ƙwarai, kore shar. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa, kofaton doki biyu ya isa ya mayar da bakin ƙofar shinge taɓo mai kama takalmi har ya zare shi daga ƙafa, idan rani ya zo kuma ƙasar ta bushe ta tsattsage ta yi tauri har ta cutar da gaɓoɓin doki. Tsayawa a cikin laka wata da watanni yana jawo gyambo a fatar bayan kofato, ciwon da masu dawaki a can suka sani sarai kuma yana da wuyar warkewa muddin lakar na nan.

Tuddan farin dutsen alli, irin su North Downs da Chilterns da tuddan Berkshire, suna tsotse ruwa da sauri, kuma shi ya sa wuraren horar da dawakin tsere suka kafu a kan irin wannan ƙasa tun da daɗewa: Epsom, Lambourn, da Newmarket can wajen Cambridge. Akwai kuma ƙasa mai yashi a yammacin Surrey wadda ba ta riƙe ruwa, ko da yake ciyawarta ba ta da ƙarfi. Shawarata ita ce kada mutum ya sanya hannu a kan gidan da bai taka filinsa a watan Janairu ko Fabrairu ba, bayan an kwana ana ruwa. Gani ya kori ji, kuma hotunan da dillalai ke bugawa kusan duka da bazara ake ɗaukar su.

Fili nawa ake bukata?

Ƙungiyar Dawaki ta Birtaniya, wadda aka fi sani da BHS kuma aka kafa a 1947, tana ba da shawarar eka 1 zuwa 1.5 ga kowane doki. Ka'idar kula da dawaki da gwamnati ta fitar ta kai har rabin hekta zuwa hekta ɗaya idan kiwo kaɗai dokin zai dogara da shi. A ninka wannan sau biyu, domin doki dabbar garke ne kuma barinsa shi kaɗai a fili ana ɗaukarsa rashin kulawa. Ana kuma raba filin kashi-kashi da waya mai lantarki, a kiwata wani ɓangare a bar wani ya huta. A kan yumɓu, eka uku ga dawaki biyu ba su yi yawa ba. Ɗakin barga na matsakaicin doki kuwa ƙafa 12 ne tsawo da faɗi.

Idan fili nawa ne, ba zan iya gina barga yadda na ga dama ba?

A'a. A dokar tsara ƙasa ta 1990, ajiye doki domin hawa ba ya cikin ma'anar noma. Idan dokin kiwo kawai yake yi a gona, ana iya ɗaukar hakan amfani na noma, amma da zarar an fara kawo masa abinci daga waje, ana hawansa a wurin, an kafa sandunan tsallake, to amfanin filin ya sauya kuma yana bukatar izinin ƙaramar hukuma. Gina barga mai daɓen siminti, da shimfiɗa dandalin yashi na horo, da kafa fitilu, duk suna bukatar izini, kuma a cikin zoben filayen nan hukuma tana da tsanani, musamman a kan fitilu. Wanda ya gina ba izini ana iya umartarsa ya rushe da kuɗinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi gidan da ya riga ya samu izinin, a kuma sa lauya ya ga takardar da idonsa, ya duba ko akwai hanyar jama'a da ta ratsa filin, da ko akwai sharaɗin da ya hana kasuwanci a wurin.

Gidajen ƙauye da yawa ba su haɗe da bututun iskar gas ko babbar magudanar ƙazanta, sai tankin man ɗumama gida da ramin masai na gida, kuma duka biyun ɗawainiyar mai gida ce.

Mene ne abu mafi wuya a wannan rayuwa?

Hunturu, kuma a nan nake so mai karatu ya daɗe. A ƙarshen Disamba rana tana fitowa a Landan wajen ƙarfe 8 na safe, ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. Mai aikin ofis yana barin gida da duhu ya dawo da duhu, ke nan daga Litinin zuwa Juma'a ba zai ga dokinsa da hasken rana ba na tsawon watanni, balle ya hau shi. Amma aikin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Bayan sallar asuba zai ɗaura fitila a goshi, ya fasa ƙanƙarar da ta daskare a kan kwamin ruwa, ya kwashe kashi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa daga barga, ya tura baro cikin laka zuwa juji, ya auna busasshiyar ciyawa, ya canza wa dokin bargonsa, ya ɗaga ƙafafunsa huɗu ya sakace kofato, sannan ya fitar da shi fili. Wannan kaɗai yana cin kusan awa ɗaya ga dawaki biyu, kafin a yi wanka a kama jirgi. Da dare a sake yin rabinsa.

Wanda ya saba da barga ta gida zai tuna cewa a can mai doki ba shi ne ke yankan ciyawa ba, akwai ɗan barga da yaran gida, kuma a fada akwai shamaki da mutanensa. A Ingila ladan ma'aikaci yana da tsada, kuma yawancin masu doki ɗaya ko biyu su ne 'yan bargar kansu, har da likitoci da lauyoyi. Doki kuma ba ya jiran jirgi. Cikinsa an halicce shi ne domin ci kaɗan-kaɗan kusan yini duka, kuma idan aka bar shi awoyi da yawa ba abin taunawa yana iya kamuwa da gyambon ciki. Ciwon ciki mai murɗa, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe dawaki, yana iya tashi da rana tsaka lokacin da mai shi ke zaune a taro a tsakiyar birni, kuma awoyin farko su ne ke raba tsakanin allura da tiyata. Don haka tambayar da nake fara yi wa duk mai wannan niyya ita ce: ranar da jirage suka tsaya saboda yajin aiki ko dusar ƙanƙara, wa zai shigar da dokin ya ba shi abinci? Idan babu suna takamaimai a amsar, ko na wani a gidan ko na maƙwabci ko na wanda ake biya, to lokacin kawo doki gida bai yi ba. Waɗanda abin ya fi yi wa sauƙi su ne masu aiki daga gida kwana biyu ko uku a mako, ko ma'auratan da lokutan aikinsu suka bambanta.

Akwai wata hanya in ba a ajiye shi a gida ba?

Akwai bargar haya, kuma ita nake ba kowa shawarar ya fara da ita na aƙalla hunturu ɗaya. Tsarinta hawa-hawa ne. A mafi arha, fili kawai ake ba doki ya yi kiwo. A na gaba, ana ba ka ɗakin barga da fili amma duk aikin naka ne safe da yamma. Akwai wanda ma'aikatan wurin ke ciyarwa da shara a ranakun aiki, kai kuma ka karɓa a ƙarshen mako, kuma wannan shi ya fi dacewa da mai zuwa Landan. A mafi tsada komai a hannunsu yake, wani lokacin har da motsa dokin. Bargar haya mai kyau tana da dandali mai fitila inda za a iya hawa da dare, tana da mutanen da ke ganin dokin yini duka, tana kuma haɗa baƙo da likita da maƙerin kofato da mai sayar da ciyawa waɗanda aka riga aka gwada. Mai wannan tsari yana iya zama a gari kusa da tasha, ya tuƙa minti goma zuwa barga, ba tare da ya ci bashin gida mai eka uku ba.

Zan iya ɗaure shi a turke kamar yadda aka saba?

Ka'idar gwamnati ta ce ɗauri a turke bai dace ya zama hanyar ajiye doki na dogon lokaci ba, kuma dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin ba ta muhalli da abinci da suka dace, da damar yin ɗabi'arta, da zama da irinta, da kariya daga ciwo. Maƙwabci da ya ga doki a ɗaure yini da yini ko da dabaibayi zai kira masu kare dabbobi. Haka kuma ingarma, wanda a wajenmu shi ne dokin hawa, a can ba a cika ajiye shi ba sai domin haihuwa. Dawakin hawa goɗiyoyi ne da mazan da aka fiɗiye, kuma bargar haya da yawa ba ta karɓar ingarma.

Waɗanne takardu doki ke bukata?

Kowane doki da jaki a Ingila dole ne ya kasance da fasfo nasa, kuma tun Oktoban 2020 dole ne a sanya masa ɗan ƙwayar shaida ta lantarki a wuyansa komai shekarunsa. Wanda ya sayi doki yana da kwana 30 ya sauya sunan mai shi a wurin ƙungiyar da ta ba da fasfon, kuma fasfon yana bin dokin duk inda aka kai shi. Kada a biya kuɗin dokin da ba shi da fasfo, kuma kafin ciniki a ɗauko likitan da ba na mai sayarwa ba ya duba shi.

Me yake ci, kuma me za a kiyaye?

Doki mai nauyin kilo 500 yana cin kimanin kilo 10 na busasshiyar ciyawa a yini, yana shan lita 25 zuwa 50 na ruwa. Ana sayen ciyawar hunturu tun da rani a adana a rumfa, kuma farashinta yana tashi a shekarar da aka yi fari. Baƙo yakan yi mamakin cewa a can haɗarin ƙiba ya fi na yunwa: sabuwar ciyawar Afrilu da Mayu tana da sukari mai yawa, tana jawo kumburi a cikin kofato da likitoci ke kira laminitis, ciwo mai raɗaɗi da ke iya gurgunta doki, musamman ƙananan dawakin yara. Saboda haka ake taƙaita kiwo a daidai lokacin da fili ya fi kyau.

Akwai tsirrai masu kisa da ya kamata a koyi kamanninsu. Wanda suke kira ragwort, mai furanni rawaya, yana lalata hanta sannu a hankali, yana cikin ciyayin da dokar 1959 ta ambata, kuma ana tuge shi da saiwarsa ne da safar hannu, domin ko ya bushe gubarsa na nan. 'Ya'yan itacen sycamore masu fiffike da ke zuba da kaka suna jawo wani mugun ciwon tsoka. Ganyen itacen yew kaɗan ya isa ya kashe doki, kuma 'ya'yan itacen oak ma suna cutarwa idan aka ci da yawa. Duk mai duba fili ya zagaya shingensa ya ga itatuwan da ke kansa, har da na maƙwabta. Kwashe kashi daga fili sau biyu a mako yana rage tsutsar ciki, kuma juji dole ne ya yi nesa da rafi.

Kofato da rigakafi fa?

Dokar 1975 ta hana kowa buga wa doki takalmin ƙarfe sai maƙerin da ke da rajista, kuma yana zuwa ne kowane mako shida ko kusa da haka. Ana yin rigakafin murar dawaki da ta sandarewar jiki, ana kuma duba haƙora sau ɗaya a shekara. Murar ba abin wasa ba ce, domin a Fabrairun 2019 ta sa an dakatar da tseren dawaki a duk Birtaniya na kwana shida.

A ina ake kilisa?

Akwai burtalan hawa da doka ta ba mahayi ikon bi, waɗanda ake yi wa alama da shuɗiyar kibiya, amma kaso kaɗan ne cikin hanyoyin jama'a, domin yawancinsu na masu tafiya a ƙafa ne kawai. Wani ƙauyen yana da su jere, wani kuma sai an bi kwalta mai cunkoso kafin a kai ga na farko, don haka a duba taswira kafin a zaɓi gida. Hanyar South Downs Way, mai tsawon mil 100 daga Winchester zuwa Eastbourne, ana iya hawanta da doki. Dajin Epping da babban lambun Windsor suna bukatar lasisin hawa da ake biya. A kan kwalta, ka'idar tuƙi da aka sabunta a Janairun 2022 ta umarci direba ya rage gudu zuwa ƙasa da mil 10 a awa ya kuma bar tazarar mita 2 idan zai wuce doki, sai dai ba kowane direba ke bi ba, kuma riga mai ƙyalli wajibi ce ga mai hankali. Yaro ɗan ƙasa da shekara 14 dole ne ya sa hular kwano a kan titi bisa dokar 1990. Masu sha'awar folo kuwa, wasan da Katsina ta yi suna a kansa tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Usman Nagogo, suna da ƙungiyar Guards a Windsor da ta Cowdray Park a Sussex.

Idan dokina ya ɓalle ya yi ɓarna, wa zai biya?

Mai shi. A 2003 kotun ƙoli ta wancan lokacin ta yanke hukunci a kan wasu dawaki da suka firgita da dare suka fasa shinge suka hau babban titi a Devon, ɗaya ya yi karo da mota, ta ce masu su suna da alhaki a ƙarƙashin dokar dabbobi ta 1971 ko da ba a same su da sakaci ba. Diyyar rauni mai tsanani tana iya cinye gidan mutum, don haka inshorar ɓarna ga wani ita ce ta farko da za a yanka, kafin ta kuɗin asibitin dokin.

Zan iya kawo dokina daga gida?

A aikace, a cire rai. Cutar dawaki ta Afirka, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa kuma take kashe mafi yawan dawakin da ba su saba da ita ba, tana nan a ƙasashen kudu da Sahara, kuma Birtaniya ba ta karɓar doki sai daga ƙasashen da ta amince da su. Ya fi sauƙi a sayi wanda aka haifa a can, wanda ya saba da sanyi da laka da ƙarar motoci.

Yaya batun masallaci da iyali?

Ƙauyukan nan ba su da masallaci, sai a garuruwa. A Woking akwai Masallacin Shah Jahan da aka gina a 1889, wanda shi ne na farko da aka gina domin sallah a Birtaniya, kuma garuruwa irin su Reading da High Wycombe da Crawley suna da jama'ar Musulmi da mahautan halal. Mai zuwa ofis yana iya yin Juma'a a Landan, amma uwargida da yara su ne za su yini a ƙauyen da babu bas sai jefi-jefi, nesa da 'yan uwa da Islamiyya. Wajibi ne a yi wannan shawarar tare da su, kuma mota biyu a gidan kusan dole ce.

Idan dokin ya tsufa ko aikina ya sauya fa?

Doki yana kai shekara 25 zuwa 30, kuma shekarunsa na ƙarshe ba a hawansa amma ci da magani ba sa raguwa. Sayar da tsohon doki yana da wuya, kuma ƙungiyoyin agaji ba su da wurin da zai ɗauki duk wanda aka kawo musu. Sakinsa a filin wani kuma laifi ne: dokar 2015 ta ba mai fili ikon tsare dokin, kuma idan ba a zo an karɓe shi cikin awa 96 na ranakun aiki ba yana iya sayar da shi ko ya bayar. Kashe dokin da ciwo ya ci ƙarfinsa da ɗauke gawarsa ma kuɗi ne da ake tanada tun da wuri. Wanda takardar zamansa a ƙasar ta ɗan lokaci ce, ko wanda ke sa ran komawa gida nan da 'yan shekaru, gara ya karɓi aron doki da rubutacciyar yarjejeniya, ko ya shiga tsarin raba doki da wani, inda zai biya wani kaso na kuɗin ya hau kwana biyu ko uku a mako.